Takardar da Na Sa Cikin Kwandon Albasa

Ba zan taɓa mantawa da bazarar shekarar nan ba, ko da ina so in manta. Daminar da ta wuce ta yi gardama, gero bai yi ba, ga sanƙarau ya bi Wurno gida-gida ya ɗauki wanda ya ɗauka, har da Malam, uban 'ya'yana. Rijiyoyin unguwarmu sunka ƙafe, sai mace ta yi rabin wuni tana jiran guga ɗaya na ruwa mai laka. Lokacin Turawa ne ke mulki.

Abu biyu ke ɗebe mini kewa. Na farko ɗana Haliru, wanda ya yi shekara huɗu a makarantar koyon shari'a can Kano, ya dawo anka sa shi magatakardan kotu a Goronyo. Na biyu ajin yaƙi da jahilci da muke yi, mu 'yan tsofaffi, a tsakar gidan matar hedimasta. Na iya haɗa baƙi, na iya rubuta sunana ba tare da na leƙi allo ba (in gaya muku gaskiya, kaina ya ɗan kumbura, har bangon ɗakina bai tsira daga gawayi ba).

To, tsofaffin ɗaliban makarantar su Haliru suna da zumunci tsakaninsu. Da sunka ji halin da muke ciki, sunka haɗa hannu anka gina mana rijiya ta siminti, sunka aiko da hatsi a raba wa gwauraye da marayu. Anka sa ranar buɗewa, anka ce babbansu, Alƙali Attahiru, zai zo daga Sakkwato tare da Baturen Di'o. A daidai lokacin kuma ana neman muhuti, wato mataimakin alƙali, a Rabah. Sunan Haliru yana cikin mutum biyu da ake dubawa, bakin Alƙali Attahiru kawai ake jira.

Maƙwabciyata Hajo ta leƙo ta katanga ana saura kwana biyu.

"Innar Haliru, mi kika shirya ma alƙali?"

Na ce, "Addu'a."

"Addu'a ɗai? Wa ka zuwa gaban babba hannu wofi? Uwar wancan yaron tana can ba ta kwana, ke kina nan kina zanen bango."

Haliru ya taɓa gaya mini, da bakinsa: "Inna, mu 'yan makarantarga mun yi alkawari, ba mu amsar gaisuwar mai buƙata, ko goro guda." Na ji, amma na ɗauka kunya ce irin ta masu karatu. Tun ina yarinya ban taɓa ganin an je wurin hakimi ko alƙali ba a riƙe wani abu ba. Ko ubana, in zai kai ƙara, sai ya kama zakara.

Na zaɓi albasa mafi kyau cikin rumbu, na sa bandar kifi ta gulbin Rima a kai, na ɗaure zabi biyu. Da a nan na tsaya, da sauƙi. Sai wata zuciya ta ce, ke da kika iya rubutu, mi zai sa ki aika da baki? Na yage takarda daga littafin aji, na lashi fensir, na shafe wuni guda a kan layi huɗu.

Ranar buɗewa rana ta take, amma gari duk ya fito. Mu mata muna gefe, ƙarƙashin itacen bedi. Wani malami yana tsaye yana karanta sunayen tsofaffin ɗaliban, sanƙira yana ɗaga murya yana maimaitawa don na baya su ji: wane alƙali ne a gari kaza, wane yana koyar da malamai, wane an tura shi Sudan ƙaro karatu, wane ya gina makarantar allo a ƙauyensu. Da anka zo kan Haliru, yana zaune can ƙarshen tabarma da farar rigarsa, anka ce magatakarda. Na ce a raina, bari dai, saura kaɗan.

Na ba wani dogari kwandon, na raɗa masa, "Na alƙali na, hannu da hannu." Shi kuwa ya kai ya aje cikin gudummawar abincin baƙi da mutane sunka kawo. Malamin nan mai karanta sunaye ya ga takarda a kan kifi, ya ɗaga, fuskarsa ta washe. Ya san Baturen yana son maganar yaƙi da jahilci kamar ransa.

"Jama'a, ga takarda da hannun tsohuwa! Innar Haliru, ina take?"

Na miƙe tsaye. (Wallahi na miƙe, har da gyara mayafi.) Mata sunka yi guɗa, Bature ya jinjina kai.

Rubutuna ba ya karantuwa da sauri, sai an bi shi baƙi-baƙi. Don haka malamin bai hango abin da ke gaba ba.

"Gaisuwa daga Innar Haliru zuwa ga Alƙali Attahiru."

Sanƙira ya maimaita, anka ce madalla.

"Ga albasa da kifi da zabi biyu."

Sanƙira ya maimaita, har da kirari.

"A dubi maraya, a ba shi muhutin Rabah."

Malamin ya fara gane inda anka nufa, amma bakinsa ya riga ya kama layin ƙarshe: "In an ba shi, rago yana tafe."

Sanƙira dai aikinsa yake yi. Ya cika ƙirji ya kwarara, "In an ba shi, rago yana tafe!" Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa.

Wuri ya yi tsit, ban da zabina da sunka fara kuka cikin kwando. Wani ya tuntsire can baya, anka tsawata masa. Na juya neman Hajo, babu ita babu dalilinta. Bature ya tambayi tafinta, anka fassara masa, ya miƙa hannu ya karɓi takardar, ya ninke ya sa aljihu. Haliru bai ɗaga kai ba. Zufa kawai nake gani tana ɗiga daga haɓarsa kan farar rigar nan da ni na wanke masa.

Bayan an watse Alƙali Attahiru ya sa anka kira ni bayan rumfa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Inna, ɗanki ni ka so, sunanai na cikin bakina tun daga Sakkwato. Da raɗa mini kika yi, da na maido miki kwandonki, magana ta mutu nan. To kin rubuta, kuma takarda tana aljihun Bature. In na ba shi yanzu, mi mutane za su ce? Kowace shari'a ya yanke, sai a ce ta rago ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron bai sani ba."

"Na sani, Inna. Amma gari bai sani ba."

Ɗayan yaron anka ba. Haliru ya ƙara shekara shida yana rubuta shari'ar wasu a Goronyo, kuma har ya bar aiki, in abokansa za su tsokane shi, sai su tambaye shi lafiyar rago. Ranar buɗe rijiyar dai ya rako ni gida da kwandon a hannunsa, sai a bakin ƙofa ya ce mini: "Inna, rubutunki ya yi kyau. Ba kuskure ko ɗaya." Na gwammace ya zage ni.

Abin da na koya shi ne, a aji an koya mini yadda ake rubutu, amma ba a koya mini abin da ba a rubutawa ba. Wautar baki iska ke ɗauka, ta takarda kuwa har Sakkwato take zuwa.

Da gari ya waye na tarar Haliru ya kama hanyar Goronyo, kunun da na dama masa yana nan a rufe. Na ɗauki kwandon na tafi sabuwar rijiya, na raba wa matan da ke layi albasar da kifin, kowa ta karɓa tana kau da ido. Na jawo ruwa guga ɗaya, garai-garai, na kawo gida, na jiƙa tsumma, na wanke bangon ɗakina.