Ranar Da Na Ce A Cire Wayar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haɗa kwalejinmu da babban layin sadarwa na jami'o'i ba, ko da kuwa duk waɗanda suka halarta sun manta. (Ba su manta ba. Na bincika.)

Ni mutumin Ajingi ne, ina koyar da aikin gona a wata ƙaramar kwaleji a Gaya. Kullum da safe in hau babur in tafi, bayan la'asar in dawo gida. A lokacin da nake ba ku labari, intanet ɗinmu abin tausayi ne. In kana son sauke takardar bincike guda ɗaya, sai ka danna, ka je ka yi alwala, ka yi sallah, ka tsaya gaisawa da masinja, ka dawo ka tarar tana rabi. Taro ta bidiyo kuwa ba a magana. Mutum yana tsakiyar bayani sai fuskarsa ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, ya yi minti biyu ko uku a haka. Mun saba. Da ya daskare sai mu ci gaba da hirarmu har ya farfaɗo.

Wata rana a wani taron bita a Kano na ji ana bayanin wani layi na musamman mai tsananin sauri, wanda ake ja daga jami'a zuwa jami'a da cibiyoyin bincike. Aka ce ɗalibi yana zaune a Gaya zai buɗe ɗakin karatun wata jami'a mai nisa, malami ya tura manyan hotuna ga masana kafin shayinsa ya huce. Tun a mota na ƙudura cewa sai layin nan ya iso wurinmu.

Ina da dalili. Akwai cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa, wadda ke tsuke ganye ta hana shuka girma. Na ga yadda take cinye gonakin mutanenmu a Ajingi da Kademi, na tara hotunanta har kwamfutata ta cika, amma ba hanyar da zan tura wa waɗanda suka fi ni sani.

Shekara uku ina bin maganar. Na rubuta takardu, na bi ofisoshi, na zauna a benci tun hantsi har azahar ina jiran wanda aka ce "yanzu zai shigo". Shugaban kwalejinmu, dattijo mai haƙuri, sai da ya kai in ya hango ni yakan ce, "Malam, in dai maganar waya ce, na ji jiya." Abokan aiki suka sa mini suna Malam Netwok. Ban damu ba. Ƙarshe dai aka haƙa rami, aka binne waya, aka kawo na'urori.

Aka sa ranar buɗewa, aka ce za a yi taro ta bidiyo da jami'o'i da dama, kuma ni zan gabatar da aikina a kan gyaɗa. In sun gamsu, wata farfesa daga wata jami'a a kudu za ta sa mu cikin ƙungiyar bincikenta, a riƙa auna mana ganyen a ɗakin gwajinsu. Abin da nake nema ke nan tun farko.

Na ɗinka sabuwar shadda. (Matata ta ce ko ranar aurenmu ban daɗe a gaban madubi haka ba.) Aka ajiye ni a ɗan ɗakin kwamfuta, ni da Malam Sabi'u mai kula da na'urorin kwalejin. Shugaba da baƙi da ɗalibai kuma suna babban ɗakin taro da ke maƙwabtaka da mu, suna kallon komai a farin allo.

Jawabina ya tafi lafiya lau. Turancina ya zauna, hotuna suna fita tar, har gashin jikin ganye ana gani. Na fara jin kaina.

Sai Farfesa ta yi gyaran murya. Mace ce mai manyan tabarau, ba ta murmushi. Ta yaba, sannan ta tambaye ni da Turanci: ta yaya na zaɓi gonakin da na ɗauki hotunan, kuma me ya tabbatar mini cewa su ne ke nuna halin da yankin yake ciki?

Gaskiyar magana ita ce ban zaɓi komai ba. Gonakin da babur ɗina ke iya shiga nake zuwa, yawancinsu na 'yan'uwa ne, inda za a ba ni ruwa in sha. Amma wa zai faɗi haka a gaban jami'o'in ƙasa? Sai na shiga kewaye-kewaye. Na yi maganar yanayin ƙasa, na yi ta damina, na kusa shiga tarihin Gaya.

Na ɗaga ido na dubi allo. Farfesa ta tallafi haɓa da hannu, ko ƙiftawa ba ta yi. Na jira daƙiƙa biyar. Shiru. Wani sanyi ya ratsa zuciyata, na ce a raina, ta daskare!

Na ture hula baya, na juya wurin Sabi'u, na koma Hausa.

"Alhamdu lillahi, netwok ya tafi. Sabi'u, matar nan so take ta kashe ni."

Sabi'u ya zaro ido. "Malam..."

"Wallahi ban san amsar ba. Gonar kawuna ce da ta surukina da duk inda babur ya shiga. Tashi maza ka cire wayar nan kafin ta dawo, mu ce wuta aka ɗauke."

"Malam, don Allah..." Yana ta nuna mini allo da baki.

"Kai dai cire! Ni na kawo wayar, ni na ce a cire."

A nan ne Farfesa ta sauke hannunta daga haɓa. Ta gyara tabarau, ta matso kusa da kyamara, ta ce da Hausa garau, irin ta cikin birni:

"Malam, kada a cire wayar. An sha wahala kafin a jawo ta Gaya. Ban daskare ba, saurarenka nake yi."

Ashe a Kano aka haife ta.

Sai na ji dariya ta fashe ta cikin bango, daga babban ɗakin taro, kamar ruwan sama a kan kwano. A allo kuma, waɗanda ke jin Hausa sun kifa kai a tebur, waɗanda ba sa ji suna tambayar na kusa da su, ana fassara musu, su ma suna kifawa ɗaya bayan ɗaya. Duk ina gani, tar, ba ko yankewa. Layin da na yi shekara uku ina nema bai ɓoye mini fuskar kowa ba.

Ƙofa tana bayana, babur ɗina yana gindin darbejiya da mai a ciki. Na yi tunanin Ajingi sosai. Amma na tuna cewa in na tashi, gyaɗar mutane ce za ta biya kuɗin kunyata. Na gyara hula, na ce:

"Ranki ya daɗe, kin riga kin ji amsar. Ban zaɓi gonakin bisa wata ƙa'ida ba. Ban san yadda ake yi ba. Ina so a koya mini."

Ta yi murmushi, karo na farko. "To, yanzu muka fara taro," in ji ta.

Bayan an watse Shugaba ya kira ni ofis. Ina shiga ya ce, "Malam, shekara uku ka hana ni sakat a kan wayar nan. Ranar farko, awa ɗaya ba ta cika ba, ka ce a cire?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sharrin sabo ne."

"Ka san kawun naka yana cikin baƙi?"

Na manta shaf. Ni na gayyace shi kuwa.

Farfesa ta karɓe mu, amma ba ta sassauta mini ba. Da damina ta faɗi, ita da mutanenta suka zaɓo gonaki a taswira, ba ruwansu da inda hanya take. Na ajiye babur a bakin titi, na naɗe wando, na shiga taɓo har gwiwa a bayan Kademi, na yi sallama a gonakin mutanen da ban taɓa gani ba. Wani ya kore ni, ya zaci haraji na zo karɓa, na koma washegari da mai unguwa. Kowace Laraba in tura hotuna, su isa kafin in ɗauke yatsa, mu zauna da masanan su yi ta yi mini tambayoyi. Wadda na sani in amsa, wadda ban sani ba in ce ban sani ba, in rubuta, in je in nemo. Yanzu ɗalibaina biyu suna cikin aikin, kuma manoman da muka bi gonakinsu su ne ke fara kirana in sun ga ganye ya soma tsukewa.

Sunan Malam Netwok dai ya canza. Har yau in na yi tambaya mai wuya a aji, sai an sami wani daga baya ya ce a hankali, "A cire wayar." Ina yi kamar ban ji ba.

Abin da na koya shi ne, layi mai sauri ba ya tantance kaya. Yadda yake ɗaukar iliminka ya kai wa duniya, haka yake ɗaukar shirmenka, kuma da gudu ɗaya. Saboda haka in ka ga mutum a allo ya yi tsit yana kallonka, ka motsa masa hannu tukuna. In ya motsa, ka ce ba ka sani ba. Ya fi sauƙi.