Kamiyon da Na Tura Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tura wa surukina kamiyon ɗaukar kaya ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin sayen wake da gyaɗa a Dogon Dutsi. Ni ne "mai ordinatar", wato mai kwamfuta, wanda ake ƙwala wa kira in allo ya ƙi kawo haske. Na yi karatu a Yamai, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba (har mai shayin bakin buronmu, wato ofishinmu, ya san sunan makarantata). Da can, in kaya sun taru a wani ƙauye, sai Alhaji mai kamfanin ya yini yana buga waya neman mota. Ni na kawo shawarar a haɗa lojisiyel ɗinmu, wato manhajar kwamfutarmu, da na wani kamfanin sufuri na Yamai. Da zarar an shigar da kaya a namu, nasu zai gani, ya zaɓi mota da direba, ya tsara hanya, ba tare da ɗan Adam ya ce uffan ba. Wannan "ba tare da ɗan Adam ba" shi na fi jin daɗin maimaitawa.

Kafin a fara aiki da irin wannan haɗi sai an gwada shi da kayan ƙarya. Lojisiyel ya nemi sunan mai kaya da wurin ɗauka. Wuri ɗaya tak nake da shi a taswirar wayata a wajen gari, gidan su Rabi matata a Kore Mairuwa, sai na sa shi. Na kuma rubuta cikakken sunan mahaifinta, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba saboda kunya (yatsuna dai ba su gaji kunyar ba). A wajen yawan kaya na cika wa Baba kamiyo guda na wake, ina murmushi, wai na mai da shi attajiri. Kamfanin sufurin ya ba ni ƙofa biyu, ta gwaji da ta aikin gaske. Ba sai na faɗa muku wadda na bi ba.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar. 'Yan makonni kafin nan Baffa Mamman, ƙanen Baba, ya zo neman hatsi don yaransa, Baba ya rantse masa babu. Baffa ya tafi ransa a ɓace, amma ya yarda. Na san wannan labari sarai, Rabi ta ba ni shi, amma ko a jikina.

Ranar da zan nuna wa Alhaji aikina na sa rigar da na fi so. Ma'aikata suka taru a bayana, na nuna musu wata 'yar mota a kan taswira tana bin hanya da kanta. A zatona zane ne kawai na gwaji. Na ce su duba, babu wanda ya kira ta. Aka tafa mini, Alhaji ya ce zai ba ni buro nawa na kaina. Ina cikin sunkuyar da kai irin na masu tawali'un ƙarya sai wayar Rabi ta shigo.

"Mi kac ce ma masu mota?" in ji ta. "Inna ta ce ga kamiyo ƙohwar gidanmu, direba na kiran sunan Baba."

Ban san yadda na tuƙa babur zuwa Kore Mairuwa ba. Ranar kasuwa ce, don haka rabin garin na iske a wurin. Kamiyon ya toshe lungu, 'yan dako sun tuɓe riguna suna jiran buhuna, direba yana nuna wa duk wanda ya matso wayarsa: ga suna, ga gida, ga yawan kaya. Baba yana zaune a kan tabarma. Baffa Mamman na tsaye da iyalansa.

Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Sai na fara bayani, kuma wallahi da na yi shiru da ya fi. Na ce lojisiyel, na ce gwaji, na ce ƙofa biyu, har Faransanci ya riƙa kuɓuce mini. Mutane suna kallona kamar na zo tallar maganin ƙarya. Baffa ya bari na gama, sannan ya ce:

"Mota ta ƙone mai tun daga Yamai don wasa? Kai ka rubuta sunanai ko ba kai ba?"

Na ce ni ne.

"To ai suruki ya san abin da ag ga gidanga. Mu ɗai anka ɓoye ma," in ji Baffa.

Nan Baba ya miƙe. Ya sa aka kawo tsani, ya hau da kansa, da tsufansa, ya ture murfin rumbu, ya sauko ya ce wa ƙanensa ya hau ya duba. Baffa ya hau. Wasu ma da ba a gayyace su ba suka bi bayansa. 'Yan damman gero ne a can ƙasa, waɗanda ba za su kai gidan ga rabin rani ba. Mutumin da kullum yake fita da farar riga wankakkiya, wanda ake kawo wa ƙara ya sasanta, ranar kowa ya ga abin da yake ɓoyewa. Kuma ko hakan bai wanke shi duka ba, don na ji wata mata tana cewa ai kwashewa ya yi ya kai wani wuri.

Da jama'a suka watse na so ya zage ni, da na ji sanyi. Bai zage ni ba. Ya dube ni, abin da bai saba yi ba, ya ce:

"Shekara da shekaru Allah na ruhe man asiri. Yau ka buɗe shi gaban kasuwa, kuma wai gwaji kakai."

Haɗin yana aiki har yau, babu abin da ya same shi. Alhaji ya yi dariya har da hawaye da ya ji labarin, ya kuma ba ni buron da ya alkawarta, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Na aika wa Baba gero, ya sa aka kai shi gidan Baffa ko kwance bakin buhun bai yi ba. Ina zuwa gaisuwa, yana amsawa, amma ya daina ce mini "yarona".

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: na'ura ba ta san wasa ba, mutane kuma sun fi gaskata kamiyo a kan rantsuwar dattijo. Yanzu in zan yi gwaji, sunana nake sawa da ƙofar gidana. In ya so kamiyon ya zo, ni ba ni da wani mutuncin da zai taka.