Babur Ya Tsaya, Ni Na Wuce

Wallahi ranar na ji jiki. Sabon babur na saya, da shi nake ciyar da gida, sai na kai shi Kakuri a sa masa ƙarafan gefe masu kare inji in an faɗi.

Oga Bitrus mai walda ya auna, ya ce, "Malam, tsawon taƙi ɗaya ya isa."

Na ce, "Babur ɗinka ne? Ƙara tsawo!"

Ya ƙara. Na dawo Narayi ina hura hanci, na nufi ƙaramar ƙofar get ɗinmu ban sauka ba, yadda na saba. Ƙarafan suka maƙale hagu da dama. Babur ya tsaya cak, ni kuwa sai cikin bahon wankin maƙwabciyata, Maman Rahila.

Alhamdulillahi, babur ko ƙwarzane babu, zannuwanta kuma suka tare mini kai. Washegari na saya mata sabon baho, na mayar wa Bitrus da babur ya rage ƙarafan. Har yau in ta ji ƙarar babur ɗina sai ta ɗaga murya: "Jama'a, a kwashe wanki, ga Baba nan!"