Matan da Na Rubuta Suna Raye

Abin da ba zan taɓa mantawa ba ke nan: ranar da na tashi gaban ma'aikatan asibitinmu a Ƙaura Namoda ina koya musu lissafi. Lokacin jihar Zamfara sabuwa ce, an fara shari'a, ni kuma sabon dawowa daga kwas, kaina ya fi hulata girma.

Likitanmu yana gwajin wani magani kan mata masu sankarar mama. Ya ce in duba katunansu in gano ko waɗanda kumburinsu ya ragu sun fi daɗewa a duniya. In haka ne, zai ci gaba da ɗora sababbin marasa lafiya a kan maganin. Na zauna na yi dabara irin tawa: duk katin da ba a rubuta mutuwa a kai ba, mai shi tana raye. (Ban taka ko'ina ba, jama'a. Daga kan kujera na rayar da su.) Na zana layi a allo, irin wanda ke sunkuyawa duk sanda aka yi mutuwa, ya miƙe sambal, da ƙyar ya sunkuya.

Ranar taro na sha babbar riga. Na ɗaga wani kati ina taƙama: "Ga wata daga Zurmi, kumburi ya sauka, har yau tana nan garau!"

Sai Inna Asabe, tsohuwar nas ɗinmu, ta miƙo hannu. Ta daɗe tana kallon sunan.

"Malam, wagga ƙanwata ta. Ni niy yi mata wanka."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta jawo sauran katunan tana ajiyewa ɗaya bayan ɗaya. Ta Shinkafi ta rasu tun kafin damina. Ta Banga ba ta samu motar mata zalla da za ta kawo ta asibiti ba, ta ƙare a ɗakinta.

"Mutum na rasuwa da hantsi, a bizne shi kahin azahar," in ji ta. "Wa za ya biyo hanya ya gaya ma kati?"

Likita ya tashi da kansa ya goge allon. Alli na hannuna, na rasa inda zan sa shi.

Tun daga ranar ba na rubuta wa kowa rai sai na je ƙofar gidansu na yi sallama. Kuma na koyi riƙe addu'ar ta'aziyya a bakina kafin a amsa.