Rasuwar Kaset ɗin Rijiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Hamida Salifu ta Kanambakashe na sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar kaset ɗin bidiyon gidansu, wanda aka fi sani da Kaset ɗin Rijiya. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, a cikin manyeton maƙwabta, wato na'urar kallon kaset, yana da shekara ashirin da tara.

An haifi mamacin da rani a 1996, ranar da mahaifin Hamida, Malam Salifu mai ginin rijiya, Allah ya ji ƙansa, ya cim ma ruwa a zurfin gaba talatin da biyu. Wani ma'aikacin furoje na raya karkara ne ya ɗauka. Tun daga nan mamacin ke zaune cikin akwatin ƙarfe, naɗe da kallabi, ba ya fita sai da salla ko in an yi baƙin kunya. Gara ta ci kwalinsa bai yi ƙorafi ba. Kuma bai taɓa sauya magana ba, abin da ya faɗa bara shi yake faɗa bana.

Duk wanda ya zauna da shi ya san yadda yake buɗe baki: shuuu, sai kukan igiya bisa itace, sai murya daga can ƙasa, "Ku ja sannu, da mutum a ciki!" A minti na talatin da uku kuma, in guga ya fito da ruwan farko, muryar takan ce, "Ina Hamida? Ita za ta fara sha." Shekararta huɗu a lokacin.

Ciwon ajali ya fara da dushewar launi, sannan layuka suka riƙa gilmawa a fuskokin mutane. Hamida ta kai shi Tasawa wurin Rayyanu, mai juye tsofaffin kaset da hotuna cikin ordinater, wato kwamfuta. Dokar Rayyanu ɗaya ce: kaset ba ya barin shagonsa sai ya kalli abin da ya juya daga farko har ƙarshe, da abin ji a kunne, ya gwada launi da murya da tsawo da na asali. Hamida ta leƙa, ta ga mahaifinta tar a gilashi, hankalinta ya kwanta. Motar Mayahi, wadda za ta mai da ita gida, na cika a tasha. Ta jefa kaset a jaka, Rayyanu na bin ta har bakin ƙofa yana roƙon ta bar kaset ɗin ya kwana.

Washegari da ya zauna dubawa, ya tarar wayar murya ta saki a minti na tara. Ya kira ta sau bakwai, ba ta ɗauka ba. A lokacin tana gidan maƙwabta, ta tara mata don su yi wa kaset kallon bankwana. Kalmar mamacin ta ƙarshe ita ce ƙurrr, ƙwas. Da ƙotar cokali aka zaro shi, kamar hanjin kaza. Rayyanu ya zo bisa babur, ya yini yana ɗori, amma duk inda ya taɓa sai zaren ya ruguje.

Iyalan mamacin ba su ɗora laifi a kan Rayyanu ba, ko waya, ko manyeto. Hamida ta san mai laifin, tana kuma roƙon masu ta'aziyya su daina tuna mata.

Ya rasu ya bar ɗiya ɗaya a kan kile, ƴar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, mai minti arba'in da ɗaya, lafiyar jikinta ƙalau, sai dai bebiya ce daga minti na tara. Ya bar hotuna uku da aka juya, aka kuma duba sau biyu Hamida na zaune. Ya bar rijiya, tana ba da ruwa har yau.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gindin itacen adua, arewa da rijiyar. Daga nan za a haska hoton beben a zauren gidan, a ɗauki muryoyi a waya. Baba Gajere da Malam Gidaɗo, waɗanda suka ja igiya ranar, sun yarda su zauna gaba su faɗi abin da bakin Salifu ke cewa. Tuni sun saɓa a wuri huɗu. Ana roƙon duk wanda ya haddace wani abu ya zo da wuri. Minti na talatin da uku ba a neman kowa, Hamida ce za ta faɗa, in ta iya.