Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Rilwanu Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi jawur saboda kallon allo, Malam Rilwanu Na'Allah, telan nan mai shago a bayan layin masu tsire na unguwar Briqueterie a birnin Yaoundé, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa zama a bencinsa cewa kwamfutarsa, wadda unguwa ta sani da suna Gwaggo, ta rasu ranar Alhamis bayan la'asar. Ajali ya same ta a bakin aiki, tana shirya masa bayanin harajinsa na shekara ta intanet. Maɓalli ɗaya ya rage a danna.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. Mutumin da ya sayar da ita a kasuwar kayan lantarki ta Avenue Kennedy ya rantse har da dafa ƙirji cewa wata baturiya ce ta riƙe ta wata shida kacal, ta ajiye. Da aka zo gida aka buɗe, sai ga haruffa duk sun goge, ga ɓurɓushin burodin wata ƙasa a tsakaninsu. Rilwanu bai mayar da ita ba. Don kallon sabon yayin aikin wuyan riga ya saye ta, kuma shekara tara ta yi tana nuna masa ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ta ga shekarun wuya tare da shi. Tana nan lokacin da rikici ya hana masu kawo ɗinki daga Bamenda zuwa, tana nan da shadda ta yi tsadar da mai gida ke taɓawa ya janye hannu, tana nan a shekarar korona da aka daina biki aka daina suna. A wannan shekarar ce batirinta ya riga ta tafiya, ta koma sai da wuta a jikinta take numfashi. Harafi ɗaya ya ɓalle, aka riƙa danna gurbinsa da gindin biro. Zafi ya dame ta, aka ɗora ta kan bulo biyu don iska ta shiga. Duk da haka ba ta taɓa neman komai ba sai soket guda, ko shi ma ita da dutsen guga suke karɓa-karɓa.

Masu wucewa za su tuna muryarta. In an kunna ta da safe takan ce "ƙirr, ƙit, ƙit", ta yi shiru kamar mai tunanin ko ta tashi ko ta bari, sannan ta ce "tilin". In aiki ya yi nauyi sai ta ɗauki "fuuuu" ba tsayawa, har Sule da Yaya, telolin da ke yi wa Rilwanu aiki, su ɗaga ƙafa daga keke su ce mata sannu.

Girmanta ya bayyana ne da aka ce kowa ya hau intanet ya faɗi abin da ya samu a shekara, mai albashi da mai fansho da mai ɗakunan haya. To, jama'a, ku zo ku ga maza! Mutumin da zai dubi sa a tsaye ya faɗa maka nauyinsa, sai ga shi gaban allo yana zufa. Rilwanu ya ɗan taɓa boko, yana karanta Faransanci, ga kuma Gwaggo. Kafin mako ya zagayo shagon ɗinki ya zama ofis, ba kuɗin shiga, ba na fita. Mutum talatin da bakwai ta buɗe wa shafi, ta riƙe musu kalmar sirri, ta aika bayaninsu, ta fito musu da takarda. Ba ta taɓa kai zancen wani ga wani ba, abin da ba za a ce da rabin mutanen da suka zauna a bencin ba.

A cikin wannan hidima ne wata makarantar kuɗi a unguwar Nkomkana ta kira Rilwanu ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibai ɗari huɗu. Rabonsa da aiki irin wannan tun kafin rikici. Sharaɗi ɗaya shugabar makarantar ta kafa: ya kawo atestasiyon, wato takardar shaidar cewa ya bayyana harajinsa, kafin sha biyun ranar Juma'ar ƙarshen wata, in ba haka ba aikin ya koma hannun wani. Mako uku cur ta ba shi. Matarsa Sadiya ta ce masa tun ranar farko, Baban Lubna, ka yi naka ka huta, sannan ka yi wa duniya. Ya yi dariya ya ce nasa ai aikin minti goma ne, kuma kwamfutar a shagonsa take kwana.

Abin da Sadiya ta sani, shi ya ƙi sani, shi ne a Briqueterie layi ba da wanda ya riga zuwa ake yin sa ba, da furfura ake yi. Ina Rilwanu zai zauna yana danna nasa, Alhaji Hamadu, aminin marigayi mahaifinsa, yana tsaye a ƙofa da sanda? Ina zai ce wa surukarsa Hajiya Hansai ta dawo gobe? Kuma kowane babba da nasa salon. Ba mai yarda ya faɗi yawan ɗakunan hayarsa a gaban mutane, saboda baki. Sai an kori na benci, an tsayar da kekuna, an saki labule, sannan a sunkuyo a raɗa masa a kunne. Alhaji Hamadu shi kaɗai kwana biyu ya ci, domin ranar farko har aka tashi bai gama gaisuwa da tarihin yadda suka zo daga Kano shi da mahaifin Rilwanu ba. Duk sanda Rilwanu ya ja kujera ya ce yau kam nawa, sai a ji sallama, a ɗaga ido, a ga wanda ya girme shi. Wallahi har daga unguwar Cité Verte aka riƙa turo tsofaffi.

Rashin lafiyar ƙarshe ta fara ne a mako na uku. Gwaggo ta riƙa ɗaukar zafi tun hantsi, allonta yana ƙyaftawa, "fuuuu" ɗinta ya koma "garr, garr". Aka sa mata fanka a gefe, aka jera ruwan leda mai sanyi ƙarƙashin bulo. Ta daure, baiwar Allah, ta sallami na talatin da bakwai ranar Laraba.

Ranar Alhamis da safe Rilwanu ya rufe ƙofa rabi, ya buɗe shafinsa. Ya kai tsakiya ke nan sai ga Alhaji Hamadu, wai shayi ya zube a kan takardarsa, yana son a fito masa da wata, kuma tunda an zo a sake karanta masa daga farko ya ji ko an rubuta daidai. Rilwanu ya dubi allo, ya dubi sandar. Ya rufe nasa ya ce bismilla, Baba. Aka yi azahar, aka ci abinci, aka yi la'asar, sannan Alhaji ya tafi yana sa albarka. Rilwanu ya koma ya shigar da ɗakunan haya biyu da ya gada, ya shigar da abin da ɗinki ya kawo, ya duba sau biyu. Ya ɗaga yatsa zai aika, wuta ta ɗauke. Kafin ya kai hannu ya zare waya ta dawo da ƙarfinta. Gwaggo ta ce "ɗas". Abin da ta faɗa na ƙarshe ke nan, sai warin ƙonanniyar roba ya cika shagon.

Masu cewa me ya hana shi shiga kowane shagon intanet ya ƙarasa, su ji da kyau, don an gaji da amsa wannan tambaya. Su talatin da bakwai ɗin nan kowa Rilwanu ya rubuta masa kalmar sirrinsa a guntun kwali ya ba shi ya tafi da ita gida. Tasa kuwa Gwaggo ce ta zaɓa masa, doguwa mai haruffa da lambobi, ta ce za ta riƙe, ya ce to. Bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Lambar wayar da ya yi rajista da ita kuma tun bara ta ɓace tare da wayar a cikin tasi.

Da sassafen Juma'a ya naɗe ta a zane ya kai wa Ilyas mai gyara. Ilyas ya kwance ta, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce cikin ya ƙone har inda take ajiya. Daga nan Rilwanu ya ruga ofishin haraji, ya tarar da rabin Yaoundé a layi, kowa ranar ƙarshe ya tuna. Can kuwa ba ruwansu da furfura, lamba ake bi. Sha biyu ta buga yana tsaye, da mutum goma sha tara a gabansa. Ya je makarantar duk da haka, hannu wofi. Shugabar ta ba shi haƙuri da Faransanci mai laushi, ta raka shi har bakin ƙofa. Ya koma gida ya tarar da Sadiya. Tuwo ta ajiye masa ta koma ɗaki, kuma ya ce da zagin sa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuri uku, da linzamin kwamfuta mai tafiya in ya ga dama, da bulo biyu, da gindin biro. Ta bar mutum talatin da bakwai, kowa da takardarsa a aljihu, lafiya ƙalau, waɗanda zuwa yanzu shida ne suka leƙo gaisuwa. Alhaji Hamadu bai samu zuwa ba saboda ƙafa, amma ya aiko da goro da saƙo cewa in an sayi sabuwa baɗi a fara da nasa, don shi ba ya son jira. Rilwanu ya karɓi goron hannu biyu ya ce a gaya wa Baba in sha Allahu.

An jinkirta rakiya ne saboda mai ita ya ƙi yarda, ya kai ta wurin masu gyara uku a cikin mako guda. Yanzu ya haƙura. Za a ɗauke ta daga shago ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a tasi, zuwa teburin Ilyas a Avenue Kennedy, inda za a raba abin da ya rage na jikinta ga masu bukata. Ba salla, ba likkafani, kada kowa ya wahalar da liman. Mata za su yi gaisuwa a gida wurin Sadiya, amma a kiyaye, kada a tambaye ta yadda abin ya faru.

Zaman makoki na maza a shago ne, kwana uku, daga hantsi zuwa la'asar. Ba sai an zo da kujera ba, akwai wuri: Sule da Yaya sun koma wurin telan da ya samu aikin makarantar tun ranar Litinin, kekunansu na nan a rufe. Wanda ke da ɗinki ya taho da shi, ko facin wando ne.