Layar da Na Tsinta a Bangon Sanusi

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga kai, amma ranar sadakar arba'in ɗin mijina Malam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har yau in na tuna shi sai idona ya kawo ruwa. In na tuna abin da na aikata ranar kuma, sai in ja mayafi in rufe fuska.

Da ciwonsa ya tsananta, ɗanmu Sanusi ya ɗauko mu daga Baure ya kawo mu sabon benensa a Daura, don mu kusanci asibiti. Ƙasa makarantar koyon kwamfuta ce, sama ɗakunan iyali. Ba mu daɗe ba Malam ya cika. Nan na shiga takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa.

Autarmu Binta tana Madina da mijinta, ga tsohon ciki, ba ta samu zuwa ba. Benen kuwa waya ba ta kamawa a cikinsa sai an fita titi. Sanusi ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Na sa an ja intanet zuwa kowane ɗaki. Ranar arba'in za ki ga Binta a talabijin, ta gan ki, ta ji addu'ar mahaifinta." Wannan maganar ita ta riƙe ni a kwanakin nan.

Mai takaba ba ta da aiki sai tunani, nawa kuma ya bi inda bai kamata ba. Yaya aka yi Malam ya hau benen nan da ƙafarsa, ya sauka a makara? Ana gobe sadaka ina shara, sai na ga wata 'yar ƙofa a bango, a lungun bakin ɗakina. Na buɗe. Wani ɗan akwati ne, bai fi tafin hannu ba. Zare guda ya shiga, sirara da yawa sun fito, kowanne ya nufi wani ɗaki. Ɗaya ya nufi inda Malam ya yi jinya.

(Ban yi boko ba, amma kar a ɗauka ban san inji ba. Inji ko ya yi ƙugi, ko ya yi ɗumi, ko ya dinga ƙyafta ido.) Na taɓa shi, sanyi ƙalau. Na kara kunne, shiru. Ba wayar da ta kai shi ga wutar lantarki. Na ce a raina, abin da aka binne a bango, ba ya cin wuta, yana da hannu a kowane ɗaki, ai ba sai an faɗa min sunansa ba.

Da gari ya waye na yi bisimilla, na sa almakashi na datse zaruruwan kaf. Na naɗe akwatin a tsumma, na tura ƙarƙashin gado. Ban gaya wa kowa ba, kar mai shi ya ji.

Gida ya cika, ana ta rabon waina da gumba. Sanusi kuwa sai hawa da sauka yake, gumi ya jiƙa masa riga. Talabijin ta ƙi kawo Binta, kwamfutocin ƙasa ma sun tsaya. Ya kira injiniyan da ya yi aikin, suka fara bincike tun daga ƙasa. Ni kuma ina zaune ina gyaɗa kai (ke da kike rubuta min labarin nan, rubuta haka, kar ki gyara min), ina cewa maƙiya sun ji an taɓa kayansu.

Da aka shafa fatiha na aika a kira min Liman Mamman, ƙanen Malam. Ya tsaya bakin ƙofa, ɗakin cike da mata.

"Matar yaya, lafiya?"

"Ga abin da ya ci ɗan'uwanka," na ce, na warware tsumman.

Mata suka ɗauki salati. Liman ya ja da baya yana a'uzu. Ana cikin haka Sanusi ya iso lungun da injiniya, suka ga ƙofar bango, suka ga hannuna.

"Inna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wannan muke nema tun safe."

Injiniyan ya durƙusa da ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. "Mama, zaren gilashi ne, haske ke bi ta cikinsa. Babban inji yana ƙasa, shi ke cin wuta. Wannan rabawa kawai yake, kamar yadda mai lambu ke karkasa ruwan rijiya ɗaya zuwa kowane sashe. Shi ya sa ba ya ɗumi."

Na ce, "To a ƙulla mana. Ni ma na iya ƙullin zare."

"Ba ya ƙulluwa, Mama. Sai an kawo injin haɗawa daga Kano."

Liman ya gyara rawani ya ce, "Matar yaya, na tsufa ina addu'a, ban taɓa ganin an karya sammu da almakashi ba. Almajirai nawa kike ɗauka?" Matan da suka zo kuka suka dinga cusa mayafi a baki.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Sanusi ya fita titi ya kira Binta. Ashe tun safe tana zaune da hijabinta tana jira. Addu'ar ubanta ta wuce ba ta ji ko amin ɗaya ba, kuma ba maƙiyi ne ya hana ta ba.

Bayan kwanaki aka gyara, fuskarta ta fito a talabijin, ta cika ta yi nauyi. Na fara ba ta haƙuri, kuka ya ci ƙarfina. Ta ce, "Inna, bari. Da Baba na nan, da ya fi kowa dariya." Gaskiya ta faɗa. Muka yi kukanmu, muka yi dariyarmu.

Sai daga baya na gane ba laya nake nema ba. Wanda zan ɗora wa laifi nake nema, don zuciyata ta ƙi yarda cewa kwana ne ya ƙare. Mai baƙin ciki ya yi kukansa, amma kar a bar shi shi kaɗai da abin da bai gane ba. Sanusi bai taɓa yi min gori ba. Kwaɗo kawai ya sa wa 'yar ƙofar nan. Bai ba ni makullin ba, ni ma ban tambaya ba.